Yadda ake shirya darasin gwaji da manhajar SUMO ga ɗaliban injiniyan sufuri

Ɗalibin injiniya zai iya haddace ƙa'idar tsara danja, ya ci jarrabawa da maki mai kyau, amma a kai shi mararraba a tambaye shi sakan nawa ya kamata a ba kowane ɓangare, sai ido ya raina fata. Maganin wannan shi ne darasin da zai sa ɗalibi ya fita titi ya ƙirga motoci da kansa, ya yi lissafi a takarda, sannan ya zuba abin da ya samo a kwamfuta ya ga yadda mararrabar za ta kaya. Wannan bayani na malamin da ke son haɗa irin wannan darasi ne, ko a sashen injiniyan gine-gine na jami'a da kwalejin kimiyya, ko a makarantun da sufuri ne aikinsu kacokan, irin su cibiyar NITT ta Zariya da Jami'ar Sufuri ta Daura.

Manhajojin kwaikwayon zirga-zirga suna da yawa. Akwai Vissim na kamfanin PTV a Jamus, akwai Aimsun, duk masu kyau ne, amma cikakken lasisinsu kuɗi ne mai nauyi. Shi ya sa na zaɓi SUMO. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, ce ta fara gina ta a 2001, kuma tun 2017 tana ƙarƙashin gidauniyar Eclipse. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada, kuma da zarar ka girka ta ba ruwanka da intanet. Tana bin kowace mota ɗaya bayan ɗaya, sakan bayan sakan, don haka ɗalibi yana ganin layi yana taruwa yana watsewa da idonsa.

Fara da tambaya, sannan mararraba

Kafin ka taɓa kwamfuta, rubuta tambaya guda ɗaya da darasin zai amsa. Misali: idan aka sauya lokutan danjar wannan mararraba, da sakan nawa jinkirin kowace mota zai ragu? Darasin da aka shirya don kawai a "koyi manhaja" yakan ƙare ne da ɗalibai suna kallon ƙananan motoci masu launi suna yawo a allo, an sha kallo, ba a koyi komai ba.

Sannan ka zaɓi mararraba ɗaya tak, kusa da makaranta, wadda ɗalibai za su iya zuwa da ƙafa ko da kuɗin mota kaɗan. Mai kafa huɗu ko uku, mai danja idan da hali. Ka guji babban shataletale da gadar sama a karon farko, kuma kada ka yarda da ɗalibin da zai ce shi unguwa guda zai yi. Mararraba ɗaya ta ishi zangon karatu.

Haɗa kayan aiki a filash

Ka ɗauka cewa ranar darasi ba za a samu intanet ba, wuta kuma tana iya ɗaukewa. Ka sauko da komai tun kana da data: fayil ɗin girka SUMO, harshen shirya manhaja na Python, da taswirar wurin. Ka tsaya a kan fitowa ɗaya ta SUMO ga kowa da kowa, domin manhajar tana sauyawa daga fitowa zuwa fitowa, kuma idan wannan na da sabuwa wancan na da tsohuwa, sakamako zai iya bambanta, ka ɓata lokaci kana neman kuskuren da babu shi. Bayan girkawa ka tabbatar an saita SUMO_HOME, wato saitin da ke nuna jakar da aka girka SUMO a ciki, saboda ƙananan kayan aikin Python da ke tare da manhajar suna nemansa.

A cikin filash ɗin ka buɗe jaka ga kowane zama, kuma kowace jaka ta ƙunshi fayilolin da aka riga aka kammala na zaman da ya gabata. Amfanin haka shi ne ɗalibin da aikinsa ya lalace a mako na biyu ba zai tsaya cak a mako na uku ba. Ka gwada duk abin a kwamfutar da ta fi kowace rauni a ɗakin, ba a taka ba.

Ƙirga a titi

Nan ne darasin yake samun ƙarfinsa, don haka kada a yi masa gaggawa.

Ka nemi takarda daga shugaban sashe, ka je da ita wurin jami'an da ke kula da mararrabar, 'yan sanda ne ko KAROTA a Kano ko KASTLEA a Kaduna, ka gaishe su ka yi musu bayani. Matasa goma tsaye a bakin titi suna rubuce-rubuce suna ɗaukar bidiyo abu ne da ke jawo tambaya. Kowane ɗalibi ya sa rigar nan mai ƙyalli, ya rataya katin makaranta, ya tsaya nesa da kwalta.

A zaɓi rana ta yau da kullum, Talata ko Laraba ko Alhamis. Ban da Juma'a, ban da ranar kasuwa idan gari mai cin kasuwar mako ne, ban da hutun makarantu, ban da yammacin azumi lokacin da kowa ke sauri ya isa gida kafin shan ruwa. Waɗannan ranaku suna da nasu darasin, amma ba su ne za a gina lissafin farko a kansu ba.

A kowace kafa ta mararrabar a sa aƙalla mutum biyu. Takardar ƙirga ta rabu gida uku, masu miƙewa, masu shan kwanar dama, masu shan ta hagu, kuma kowane gida ya rabu bisa nau'in abin hawa: ƙaramar mota, bas, babbar mota irin su tirela da tifa, adaidaita sahu, babur, keke. Duk minti 15 a ja layi a fara sabon shafi. A yi awa biyu a lokacin cunkoson safe, daga baya a ciro awa ɗaya da ta fi cika. Idan akwai bene kusa, a nemi izini a kafa waya a ɗauki bidiyo, domin inda adaidaita suka yi yawa ido ba ya iya bin su, sai an dawo an kalla a hankali.

Ban da ƙirga, a samo abubuwa huɗu. Faɗin kowace kafa da tef. Lokutan danja da agogon waya: kore, rawaya, ja. Tsawon layin motoci a daidai lokacin da kore ya kama, sau da yawa, a rubuta. Sai na huɗu, wanda ya fi wuya: yawan motocin da layi ɗaya ke iya fitarwa idan kore ya kama kuma layin a cike yake. Ana fara auna lokaci ne daga sanda mota ta huɗu ta tsallake layin tsayawa, domin na farkon suna ɓata lokaci wajen tashi, a tsaya a kan ta ƙarshe a layin, a raba lokacin da adadin motocin da suka biyo bayan ta huɗun. Idan tazarar ta fito sakan 2, to 3600 a raba da 2, motoci 1800 ke nan a awa. Littafin ƙa'idar tituna na Amurka yana farawa ne da 1900 a layi ɗaya a awa, amma wannan na ƙananan motoci ne masu bin layi a natse. Bari ɗalibai su auna nasu su gani ko ya yi kusa.

Lissafi a takarda kafin kwamfuta

Ka hana buɗe SUMO sai kowane rukuni ya kawo lissafin hannu. Ƙa'idar Webster, wadda aka fitar a Birtaniya a 1958, ta isa:

C = (1.5L + 5) ÷ (1 − Y)

C shi ne tsawon zagaye ɗaya na danja, L jimillar sakan da ke salwanta a zagayen, Y kuma jimillar kason da kowane juyi, wato lokacin da ake ba wani ɓangare kore, ke ci daga abin da layinsa zai iya fitarwa. Ga misali da alƙaluman da na ƙaga don koyarwa. Danja mai juyi biyu, kowane juyi na asarar sakan 4, L ya zama 8. Layin da ya fi cika a juyi na farko yana ɗauke da motoci 700 a awa, na biyu 500, kowanne kuma iyakarsa 1800. Kason farko 0.39, na biyu 0.28, Y ya zama 0.67. Sama 17, ƙasa 0.33, zagaye ya kama kusan sakan 51. A cire 8, saura 43 na kore, a raba bisa kaso: 25 ga na farko, 18 ga na biyu.

Ka sa su ƙara motocin har Y ya kai 0.9 su ga yadda C ke tashi sama babu ƙaƙƙautawa. Daga nan za su gane cewa akwai cunkoson da gyaran danja ba ya magance shi.

Gina titin

Hanya mafi sauƙi ita ce osmWebWizard.py, wanda ke buɗe taswirar OpenStreetMap ka zana akwati ya haɗa maka komai. Amma yana cin intanet, kuma yana ɓoye wa ɗalibi abin da ke faruwa. Gara kai ka sauko da taswirar yankin tun da wuri, su kuma su juya ta da kansu:

`netconvert --osm-files mararraba.osm -o mararraba.net.xml --geometry.remove --junctions.join --tls.guess-signals`

SUMO tana ɗauka tuƙin hannun dama ake yi, wanda shi ne namu a Najeriya tun 1972, haka ma Nijar, don haka babu abin sauyawa a nan.

Sai a buɗe fayil ɗin a netedit, manhajar zana da gyara tituna da ke zuwa tare da SUMO, a fara gyara, kuma gyaran yana da yawa. Masu sa kai ne ke zana OpenStreetMap, sau da yawa daga hoton tauraron ɗan'adam, don haka adadin layuka da iyakar gudu a titunanmu kan zama ba a saka ba, manhajar ta cike da nata zato. Harafin I a netedit na duba bayanin titi ne, D na gogewa, C na haɗa layi da layi, T na danja. A goge duk lungunan da ba a buƙata, a bar kowace kafa da tsawon mita 300 ko fiye don layin motoci ya samu wurin taruwa. A gyara faɗi bisa abin da tef ya nuna, domin SUMO tana ba kowane layi mita 3.2 idan ba a faɗa mata ba. A sauya sunayen tituna daga dogayen lambobi zuwa suna mai ma'ana, irin arewa_shiga da kudu_fita. A ƙarshe a saka lokutan danja kamar yadda aka auna su a titi, ba na Webster ba tukuna.

A gaskiya, ga mararraba ɗaya, zana ta da hannu a netedit daga farko yakan fi sauri a kan gyara ta taswira. Ka bar rukuni ɗaya ya gwada hakan.

Zuba motoci, da matsalar adaidaita

Motar da SUMO ta sani tun asali tsawonta mita 5, tana barin mita 2.5 tsakaninta da ta gaba idan an tsaya, tana zama a tsakiyar layinta, ba ta tsayawa sai da dalili. Direban kirki na Berlin ke nan. Idan ka zuba ƙirgar Kano ko Zariya da wannan mota, za ka ga layi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a zahiri, saboda a titi adaidaita biyu da babur suna shiga wurin da manhajar ta ware wa mota ɗaya.

Gyara na farko shi ne ƙirƙiro nau'in abin hawa. Tura ɗalibai su auna adaidaita da tef a tasha, za su samu tsawo wajen mita 2.6, faɗi wajen mita 1.3. Sai a rubuta a fayil ɗin hanyoyi:

`<vType id="adaidaita" length="2.6" width="1.3" minGap="1.0" maxSpeed="14" guiShape="rickshaw"/>`

Gudun a mita cikin sakan ake rubuta shi, 14 ya kama kusan kilomita 50 a awa. Wannan da tazarar mita 1 wurin farawa ne kawai, bidiyo ne zai nuna abin da ya dace. A yi haka ga babur, bas da tirela.

Gyara na biyu shi ne ba ababen hawa damar raba layi ɗaya gefe da gefe. A fayil ɗin saiti, mai ƙarewa da .sumocfg, a saka lateral-resolution da ƙima kamar 0.8. Wannan yana yanka kowane layi zuwa siraran layuka, sai babur ya iya kutsawa ta gefen mota. Daga nan minGapLat ke faɗin tazarar gefe da direba ke bari, latAlignment kuma inda ya fi son zama a cikin layin. Ka sa ɗalibai su gudanar da kwaikwayon sau biyu, da wannan saiti da kuma babu shi, su kwatanta tsawon layi. Wannan gwaji kaɗai ya cancanci zama guda.

Kowace kwana da kowane nau'i yana samun nasa layin rubutu:

`<flow id="ak1" type="adaidaita" from="arewa_shiga" to="kudu_fita" begin="0" end="4500" vehsPerHour="320"/>`

Lura da cewa vehsPerHour yana sakin motoci da tazara iri ɗaya. Idan ana son su zo a barkatai kamar a zahiri, a yi amfani da probability, wato 320 a raba da 3600, kusan 0.089 a kowane sakan.

Gyara na uku shi ne tsayawa ɗaukar fasinja. Duk wanda ya san mararrabarmu ya san cewa da an tsallake danja, nan adaidaita ke tsayawa, nan kuma gosulo ke farawa. Daga bidiyo a ƙirga nawa ne cikin goma suke tsayawa, da sakan nawa. Sai a raba kwararar gida biyu, a ba ɗaya umarnin stop a kan layin fita, da duration na sakan ɗin da aka auna.

Gudanarwa da karanta sakamako

A buɗe fayil ɗin saiti a sumo-gui, ɓangaren SUMO da ke nuna kwaikwayon a allo, a ƙara jinkirin nuni zuwa 100 ko fiye, in ba haka ba awa guda za ta wuce kafin ƙiftawar ido. A kalla da farko. Akwai motar da ke shan kwanar da aka hana? Akwai kafar da babu kowa? Sannan a duba saƙonnin da ke ƙasan allo. Idan mota ta maƙale sakan 300, SUMO tana ɗauke ta ta ajiye gaba, ta rubuta gargaɗi mai ɗauke da kalmar teleporting. Ɗalibai kan share wannan gargaɗi, alhali kusan kullum alama ce ta haɗin layi da ba daidai ba ko danja da aka saita a karkace.

Don samun alƙaluma a ƙara --tripinfo-output da --queue-output. Na farko yana ba da bayanin kowace mota, ciki har da timeLoss, wato sakan da ta yi asara saboda ba ta yi gudun da take so ba. Akwai xml2csv.py a cikin kayan aikin SUMO, yana juya fayil ɗin ya buɗu a Excel ko LibreOffice. A jefar da minti 15 na farko, lokacin titi bai cika ba, shi ya sa muka sa ƙarshen a 4500 maimakon 3600. Kuma kada a dogara da gudu ɗaya. A sauya --seed, wato lambar da manhajar ke fara zaɓenta na barkatai da ita, a maimaita sau goma, a ɗauki matsakaici, a nuna mafi ƙanƙanta da mafi girma.

Daidaita kwaikwayo da zahiri

Kafin a gwada kowane gyara, dole kwamfuta ta fara nuna abin da aka gani a titi. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne GEH, wanda ya samo suna daga Geoffrey E. Havers, injiniyan da ya ƙirƙiro shi a Landan. A ɗauki bambancin adadin kwamfuta da na ƙirga, a ninka shi da kansa, a ninka da 2, a raba da jimillar adadin biyu, a ciro tushen murabba'i. Idan an ƙirga 600 kwamfuta ta fitar da 660, GEH ya kama 2.4. Idan ta fitar da 750, ya kama 5.8. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce ya kasance ƙasa da 5 a aƙalla kashi 85 cikin ɗari na wuraren da aka auna.

Sai dai a mararraba ɗaya cin wannan ma'auni ba wuya, tunda kai ka zuba adadin da hannunka. Gwajin gaske shi ne tsawon layi da yawan fitar motoci a kore. Idan ba su yi daidai da na titi ba, a taɓa tau, wato tazarar lokaci da direba ke bari, wadda asalinta sakan 1 ne, ko minGap, ko sigma mai nuna rashin daidaiton tuƙi. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abin da aka sauya da abin da ya biyo baya. Ka kafa doka: duk lambar da aka sauya sai an kawo hujjarta daga bidiyo ko awo. In ba haka ba ɗalibi zai yi ta juya lambobi har sai amsa ta yi masa daɗi.

Gwaje-gwajen gyara da bayar da maki

Yanzu ne za a saka lokutan Webster a kwatanta da na yanzu. Bayan shi kowane rukuni ya ɗauki gyara ɗaya: matsar da wurin tsayawar adaidaita mita 50 gaba, ware layi ga masu shan kwanar hagu, ko ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan duk ƙirgar a ga inda mararrabar za ta cije. Ɗalibin da ya iya Python ka nuna masa TraCI, wanda ke ba shi damar sarrafa danja yayin da kwaikwayon ke gudana, amma kada ka ɗora wa kowa.

Takardar umarni ta kowane zama kada ta wuce shafi biyu: abin da za a cim ma, umarnin da za a buga harafi da harafi, hoton allo na yadda sakamako mai kyau yake, da tambayoyi uku da ba a iya amsa su sai an yi aikin. Ka ƙara jerin kurakuran da aka fi yi, musamman sunan titi da aka rubuta ba daidai ba da alamar rufe layi da aka manta a fayil ɗin XML.

Wajen maki, ni ina ganin kaso mafi tsoka ya tafi ga ƙirgar titi da daidaitawa, sai lissafin hannu da bayanin dalilin da ya sa ya bambanta da na kwamfuta, kyawun rahoto ya zo ƙarshe. Fayil yana kwafuwa cikin sakan, don haka ka ba kowane rukuni awa daban ko seed daban, kuma ka zaunar da kowane ɗalibi minti biyar a gaban allo, ka ce ya rage koren kafar arewa da sakan 5, amma ya faɗi abin da zai faru da layin kafin ya danna maɓalli. Idan zango ya ƙare ka karɓi takardun ƙirga da bidiyo da fayiloli, ka rubuta kwanan wata da sunan mararraba a kansu ka adana, ajin baɗi su sake ƙirga wurin su kwatanta da na bana.